Yadda Ake Kula da Dabino a Tsakar Gida a Kano, da Yadda Ake Tsare Shi Daga Ƙwari

Dabinon farko da na dasa a gidana a Hotoro ya shekara tara a raye, kuma ba ƙishirwa ce ta kashe shi ba. Ana tsakiyar damina na sa wani yaro mai aikin lambu ya rage masa rassa, don sun fara gugar kwanon ɗakin baƙi. Ya hau da adda ya yi masa aski tas, ya bar 'yan rassa biyar ko shida a tsakiya, ya kuma sassari kututturen nan da can yana neman wurin taka ƙafa. Bayan wata huɗu sai kan bishiyar ya karkata gefe guda. Ranar da muka sare ta, cikinta ya koma kamar jiƙaƙƙiyar dusa, ga fararen tsutsotsi masu kaurin babban yatsa, ga wari irin na gasarar da ta yi tsami. Wani dattijo da ya daɗe yana rainon itatuwa ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce: "Alhaji, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwaron nan galibi rauni yake bi."

Tun daga ranar na gane cewa dabino ba mangwaro ba ne, ba kuma darbejiya ba ce. Waɗancan ko ka sare musu kai za su yi sabon toho ta gefe. Shi dabino zuciya ɗaya gare shi, tana can ƙoƙon kansa inda sabbin rassa ke fitowa, in ta mutu bishiya ta tafi. Sannan kututturensa ba ya warkewa. Ramin ƙusa ko saran adda da ka yi masa bana yana nan har ƙarshen rayuwarsa. Duk matakan da zan kawo a ƙasa kan abu biyun nan suka ginu: a tsare zuciyar, kada kuma a ji wa jikin ciwo.

Da farko, wace bishiya ce ta dace da gidanka?

Dangin dabino da muka sani a ƙasar Kano su ne giginya, goruba, kwakwa, sai na ado da ake sayarwa a bakin titi. Giginya ba ta gida ba ce. Tana wuce mita 20, 'ya'yanta masu nauyi ne, in ɗaya ya faɗo kan yaro ko gilashin mota babu daɗin labari, ga shi dama Bahaushe ya ce inuwar giginya na nesa ka sha ta. Goruba a bar ta a gona, ta ba da kaba da 'ya'ya a can. Kwakwa kuwa iska mai laima take so, hunturunmu yana ƙone mata bakin ganye, in ma ta rayu da ban-ruwa ba ta cika yin 'ya'yan kirki ba. Na adon nan mai santsin kututture kamar an shafe shi da siminti yana da kyau a farfajiya, amma mashayin ruwa ne, ka tabbata kana da rijiya ko burtsatse kafin ka saye shi. Dabino shi ne ya fi jure zafin bazararmu, shi ne kuma ke biyan mai shi da abin buɗa-baki. A kansa zan fi tsayawa, sai dai yawancin abin da zan faɗa game da sara da ƙwari ya shafi na ado ma.

Wurin dasawa

Ka auna aƙalla mita huɗu daga katanga da ɗaki, saboda reshen babban dabino yakan kai mita uku zuwa biyar. Ka ɗaga kai ka duba wayar wuta. Wannan ya fi komai muhimmanci, domin dabino ba a rage masa tsawo. Ranar da ya taɓa waya, ko dai a ɗauke wayar ko a kashe bishiyar. Saiwarsa sirara ce mai yawa, ba ta kumbura ta tsaga gini irin ta manyan itatuwa, amma tana bin danshi, don haka a nisanta shi da sokawe da bututun ruwa. Wuri ya zama mai rana tun safe har yamma. In tsakar gidan daɓen siminti ne ko intalok, a bar masa fili buɗe mai faɗin mita biyu, kada a shaƙe masa gindi.

Ƙwallo ko tsiro?

Mutane da yawa sukan dawo daga aikin Hajji ko Umara da ajwa, su ci, su binne ƙwallon da fatan za su samu ajwa a gida. Ba za a samu ba. Dabino akwai mace akwai namiji, kowanne bishiyarsa daban. In ka shuka ƙwallo goma, kusan rabi maza za su fito, kuma ba za ka gane ba sai sun yi fure, bayan shekara huɗu zuwa takwas. Matan da suka fito ma ba lalle su yi kama da uwarsu ba a girma ko zaƙi. Mai gona yana iya shuka da yawa ya zaɓa. Mai tsakar gida da ke da gurbin bishiya ɗaya ko biyu bai kamata ya yi wannan kasada ba.

Abin da ya dace shi ne tsiron da ke fitowa a gindin uwa. Shi kamar uwarsa yake sak: in mace ce shi ma mace, in 'ya'yanta manya ne nasa ma haka. Saboda haka ka je ka ga uwar da idonka, in da hali ka ɗanɗani 'ya'yanta. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, tana da reshe na musamman kan dabino a Dutse ta jihar Jigawa, kuma yankin Dutse ya yi suna da dabino tun da daɗewa. Tafiyar ba ta da nisa daga Kano, ta cancanci a yi ta. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne shigo da tsiro daga ƙasar waje a ɓoye cikin kaya. Jan ƙwaron dabino da ya addabi ƙasashen Larabawa ya shiga yankin Tekun Fasha a tsakiyar shekarun 1980, ya isa Masar a 1992, kuma a cikin tsiron da ake safara ya riƙa tafiya. Cutar Bayud ta kashe miliyoyin dabino a Maroko da Aljeriya. Kwaɗayin iri ɗaya bai kai a jawo wa gari irin wannan ba.

Tsiron da ya isa cira shi ne wanda ya shekara uku zuwa biyar a jikin uwa, mai nauyin kilo 10 zuwa 25, wanda ya riga ya yi tasa saiwar. Ga yadda ake yi. A ba uwar ruwa kwana biyu kafin ranar, don ƙasa ta yi laushi. A rage wa tsiron rassan waje, a haɗe sauran a ɗaure da igiya. A tone ƙasa a hankali har a ga inda ya manne da uwa, sannan a sa dagi mai faɗin baki da kaifi a yanke mahaɗar da sara mai tsafta. Ba a fizga, ba a girgizawa, ba a kuma jefar da shi ƙasa, domin zuciyar na iya tsagewa daga ciki ba ka sani ba. Raunin da ya rage a jikin uwa a shafe shi da maganin ƙwari, a rufe da laka, a mayar da ƙasa nan take.

Dasawa

Farkon damina, wajen watan Yuni, shi ne lokacin da na fi so: zafin bazara ya karye, ruwan Agusta mai kwanciya bai zo ba. A haƙa rami mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, mako biyu kafin dashe. A gidajen sabbin unguwanni sau da yawa ƙarƙashin tsakar gida ɓaraguzan bulo ne da leda da aka cike wuri da su. A kwashe su duka. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki kwando biyu ko uku, in ƙasar laka ce a ƙara yashi. Na ce ruɓaɓɓe, wanda ya huce ya yi baƙi, ba ɗanyen kashin shanu ko na kaji ba. Ɗanyen taki yana ƙone sabuwar saiwa, yana kuma kiran gara.

A zaunar da tsiron yadda wurin da ya fi kauri a gindinsa zai yi daidai da fuskar ƙasa, zuciyar kuma ta kasance sama sosai, inda ruwa ba zai kwanta a cikinta ba. Sau da yawa tsiron da ke mutuwa a watannin farko zurfafa shi aka yi. A danne ƙasa da ƙafa, a yi masa 'yar kunya zagaye don tare ruwa, a naɗe rassan da buhun algarara ko tsohuwar tabarma, a bar saman a buɗe. In akwai awaki a gida a kewaye shi da waya. Daga nan sai haƙuri. Tsiro yakan yi wata uku, wani lokaci shida, kamar ba ya motsi, alhali aiki yake yi a ƙasa. Muddin ganyen tsakiya kore ne, kada a tone don a duba.

Ruwa da taki

Mako shida na farko ƙasa ta zauna da danshi kullum, amma ba caɓi ba. Bayan nan sau biyu ko uku a mako. Babban dabino a gidana, daga Maris zuwa Mayu, jarka biyar zuwa shida irin ta 'yan garuwa nake ba shi sau biyu a mako. Da hunturu sau ɗaya. Da damina ba na ba shi sai in ruwa ya ɗauke na kwanaki. Gara a ba shi da yawa lokaci guda ya ratsa ƙasa, da a riƙa yayyafa masa kullum. A zuba a cikin kunyar, kada a riƙa watsa wa kututture, kada kuma a zuba a ƙoƙon kai. Ruwan alwala da na ɗauraya ba su da laifi. Ruwan wanki mai bilic da omo mai yawa a kai shi lambatu.

Taki sau ɗaya a shekara, farkon damina: kwando uku ko huɗu a baza nesa da gindi kamar taku ɗaya, a cuɗa da ƙasa sama-sama. Takin zamani NPK 15-15-15 nakan ba ƙaramin dabino gwangwanin madara biyu, babba rabin kwano, sau biyu a damina, a bi da ruwa. Ganye yana faɗin abin da ya rasa. In tsofaffin rassa na ƙasa suka yi ɗigo-ɗigon rawaya da ruwan lemo, bakinsu na bushewa, sinadarin fotasiyam ne ya yi ƙaranci, kuma tokar murhu tana taimakawa in an baza ta kaɗan-kaɗan. In gefen ganyen ya yi rawaya tsakiyarsa na kore, maganiziyam ne. A nan mutane kan yi kuskure: su ga rawaya su sare. Bishiyar tana janye abinci ne daga tsohon reshe tana kai wa sabo, in ka sare shi sai ta koma kan na sama da shi.

Rage rassa: inda aka fi yin ɓarna

Reshen da ya bushe ƙayau ya rataya, shi ake cirewa. Kore ba a taɓa shi sai in ya karye ko yana barazana ga waya. In ka tsaya daga nesa, duk reshen da ya miƙe a kwance ko ya kalli sama na bishiya ne, ba naka ba. Dabino rassa goma zuwa ashirin da 'yan kai yake fitarwa a shekara, kowane nonon 'ya'ya kuma yana bukatar koren reshe takwas zuwa goma su ciyar da shi. Ka ga ke nan mai yi masa aski 'ya'yan baɗi yake zubarwa.

Lokacin aikin shi ne hunturu, Disamba ko Janairu, sa'ad da iska ta bushe, rauni ke saurin ƙafewa, ƙwari kuma suka yi sanyi. A yi amfani da zarto ko lauje mai kaifi, a bar gindin reshen kamar tsawon tafin hannu, kada a yanke dab da kututture, kada a ɓamɓare da ƙarfi. A wanke ƙarfen da ruwan bilic kafin a koma wata bishiyar. A hau da tsani. Babu sara don taka ƙafa, babu buga ƙusa don igiyar shanya ko fitila. Rassan da aka sare kada su kwana a gindi.

Ƙayar dabino ba abin wasa ba ce. Tana da tsawo da tsini, takan karye a cikin nama, in ta shiga gaɓa takan kumbura ta yi makonni tana ciwo. A sa safar hannu mai kauri da tabarau. Wanda ta soka mai zurfi, ko a gwiwa, ko kusa da ido, ya tafi asibiti a ciro ta a yi masa allurar tetanus. A gidan da ke da yara, nakan aske ƙayoyin rassan ƙasa da wuƙa tun bishiya tana ƙarama. Sannan akwai haƙƙin maƙwabtaka: kafin namiji ya hau dabino a cikin unguwa, a aika gidajen da ke kewaye a sanar, iyali su kimtsa. Wannan ladabi ne da muka gada, bai kamata ya ɓace ba don gidaje sun koma na bulo.

Ƙwarin da ke damun dabino

Gara ce abokiyar gabar ƙaramin dashe. Alamarta hanyoyin jar ƙasa da take ginawa a jikin kututture, da ganyen tsakiya da ke yaushi alhali ana ba da ruwa. Ta fi kama bishiyar da ƙishirwa ta raunana. A kankare ginin da ta yi, a kwashe duk guntun katako da kara da kwali daga kewaye, a baza toka da dakakken ƙwallon darbejiya a gindi. A bi sawunta. In akwai shuri a kangon da ke kusa, a tone shi har a ciro uwar. In ta ci gaba, sai maganin gara na kanti, da sharuɗɗan da zan faɗa nan gaba.

Na biyu buzuzu mai ƙaho, baƙi mai sheƙi, da dare yake tashi. Yakan huda gindin sabbin rassa ya shiga yana shan ruwan zuciyar. Ba za ka ga aikinsa ba sai reshen ya buɗe, ka ga an yanke ganyen gefe da gefe kamar da almakashi, ko ka ga rami da tattaunannen zare a bakinsa. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne 'ya'yansa a cikin gida suke girma: irin gwazarmar nan ce da ke cikin jujin taki da ruɓaɓɓen kututture. Wanda ya tara takin tumaki a lungu kusa da dabino, ya gina wa buzuzu ɗakin haihuwa. A riƙa juya takin duk wata, kaji su tsince gwazarmar, ko a rufe shi ruf da leda mai kauri. In an ga rami, a lanƙwasa bakin waya kamar ƙugiya a zaƙulo ƙwaron, a cike ramin da yashi gauraye da garin ƙwallon darbejiya. Haɗin nan, rabi da rabi, ana zuba shi a hammatar rassan sama uku ko huɗu a farkon damina da ƙarshenta. Yashin yana shiga gaɓoɓin wuyan ƙwaron ya hana shi sakat.

Na uku shi ne wanda ya kashe nawa: ƙwaro mai dogon baki kamar hanun giwa, baƙi da ratsin ja-ja, tsawonsa kamar gaɓar yatsa biyu. Ɗan'uwan jan ƙwaron dabinon da na ambata ne, amma wannan na Afirka yana nan ƙasar tun asali, a kudu ma tsutsarsa abinci ce. Ƙanshin ruwan da ke tsatsowa daga sabon rauni ne ke kiran macen, ta saka ƙwai a ciki, ko a ramin da buzuzu ya bari. Tsutsotsin ba su da ƙafa, suna cin cikin kututture suna haƙa hanyoyi, su naɗe kansu da zaren bishiyar, su fito ƙwari, su sake saka ƙwai a nan ciki. Zagayen wata uku zuwa huɗu ne, bishiya kuwa tana tsaye kore kamar lafiya lau. Don haka sai an neme shi da gangan. Ka zagaya kututturen ka duba ko akwai wani ruwa mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa da ke tsiyaya, ko tattaunannen zare da ya zubo a gindi. Ka sunsuna, warin tsami alama ce. Da dare in unguwa ta yi shiru, ka kara kunne a jikin bishiyar. In suna da yawa za ka ji ƙurus-ƙurus na cinsu.

In ka kama da wuri, a buɗe wurin da wuƙa mai kaifi, a kwashe ruɓaɓɓen nama da tsutsotsi har a kai ga lafiyayyen jiki, a zuba maganin ƙwari irin wanda bishiya ke zuƙa, a toshe da laka, a sake dubawa bayan mako biyu. Wannan aiki gara a kira malamin gona. Ofishin KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, na da su. In kuwa kan ya riga ya karkata, ko ganyen tsakiya ya zare da ka ja shi, bishiyar ta mutu, kada a ɓata kuɗi. A sare ta, a faskara kututturen ƙanana, a ƙone, a tone gindin. Barin ta a tsaye ko a jingine a bayan gida raba ƙwarin ne ga dabinon maƙwabta. Ana yin tarko da bokiti da guntun rake ko dabinon da ya yi tsami, yana kuma kamawa, amma a gona ya dace. A ƙaramin gida kiran ƙwaron kake yi zuwa inda bishiyarka take.

Sauran ƙanana ne. Akwai wasu fararen ƙwari da ke manne wa ganye kamar an yayyafa farar ƙasa, in ka kankara da farce su fita. Da masu kama da auduga da ke ɓuya a hammatar reshe, tururuwa na hawa wurinsu. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsin da ke saƙa yana a kan ɗanyun 'ya'ya, ƙura ta manne, fatar dabinon ta yi kaushi ta tsage. Duka ukun magani ɗaya nake fara yi musu: wanki da ruwa mai ƙarfi, sannan feshin darbejiya. A daka ƙwallon da aka ɓare kamar giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma saman ganye da ƙarƙashinsa, a maimaita duk mako har sau uku. Baƙaƙen ƙuraje masu tauri da kan fito a tsofaffin ganye da damina cutar fumfuna ce mai son laima. A cire rassan da suka bushe da ita, a bar iska ta ratsa.

Busassun rassa da tarkacen da ke maƙalewa a kututture kuwa mazaunin ɓera ne da kunama da rina, wani lokaci har maciji. Tsafta ce maganinsu. Ɓera in ya matsa, a naɗa wa kututturen falle na kwano mai santsi, a ɗaure da waya sako-sako, ba da ƙusa ba.

Kashedi kan guba

Tsakar gida ba gona ba ce. Nan yara ke rarrafe, nan ake shanya, nan kaji ke kiwo, sau da yawa nan rijiya take. Duk maganin da za a saya ya zama cikin kwalbarsa ta asali mai lambar NAFDAC, a bi awon da aka rubuta, kada a ƙara don a ga ya fi ci. Fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalaben da babu suna ba ta da wuri a nan. Ƙwayar nan da ake sa wa buhun hatsi, mai fitar da iskar guba, kada a kuskura a cusa ta a ramin bishiya a cikin gida. Iskarta tana kashe mutane a ɗakin barci. Ba a zuba maganin gara kusa da rijiya. Ba a fesa wa bishiyar da 'ya'yanta suka kusa nuna. A yi feshi da yamma babu iska, da takunkumi, a rufe randa da tukwane, a wanke jiki da kayan sawa bayan an gama.

Barbara da tsaron 'ya'ya

Macen dabino ita kaɗai a gida za ta yi fure, amma in garin namiji bai same ta ba 'ya'yan za su fito ƙanana, babu ƙwallo, ba sa nuna yadda ya kamata. Ba sai ka dasa namiji ba, namiji ɗaya yana isar mata da dama; ka dai san gidan ko gonar da yake. Kwanson furen namiji gajere ne mai faɗi, furen fari cunkus, in ka kaɗa gari na tashi. Na mace siraran zare ne masu 'yan ƙulle-ƙulle kamar tsakiya. Da kwanson namiji ya fara tsagewa a yanko shi, a rarraba zaren, a shanya a inuwa kan takarda. Da na mace ya buɗe, cikin kwana biyu zuwa uku, da hantsi, a ɗauki zare biyu ko uku na namiji a kaɗa a kai, a cusa su a tsakiya a kife, a ɗaure sako-sako da ganyen dabino. Ragowar garin in ya bushe sosai yana ajiyuwa a takarda a wuri mai sanyi marar laima.

Shekarar farko da ta biyu ta fure nakan cire yawancin nonon, bishiya ta yi ƙarfi tukuna. Bayan haka ma a rage: nono kaɗan masu manyan 'ya'ya sun fi tarin ƙanana. In nono ya yi nauyi a ɗaure sandarsa a jikin reshen da ke kusa don kada ta karye. Dabinon ƙasar nan yakan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, na rani da na damina, kuma na rani ya fi kyau, don ruwan sama yana fasa wanda ya kusa nuna ya sa shi tsami. Da 'ya'ya sun fara juyawa rawaya ko ja, jemagu da tsuntsaye za su sani kafin kai. A sa wa kowane nono riga ta tsohon gidan sauro wanda aka wanke, ko buhun albasa mai raga, a ɗaure ta sama. Leda ba ta yi, tana tara gumi 'ya'yan su ruɓe. Na damina a ɗora masa 'yar rumfar takarda mai kauri ta sama, ƙasan a buɗe. Waɗanda suka zubo a tsince su kullum da safe kafin ƙuda da tururuwa su taru, sandar nonon da aka gama cirewa kuma a yanke ta da zarto, a shafe wurin da laka.